Wayar da Ke Ƙarƙashin Birki

Duk wanda ya san Kinue-san matar Osanai zai gaya maka ba ta iya laifi ba. Ni ma haka nake faɗa, har da ƙarin gishiri. San ɗin nan kuwa girmamawa ce da muke liƙa wa suna. Gonar tuffarmu da tasu ɗan kwatami ne kawai ya raba, gidajenmu kuwa idan na yi atishawa a kicin ita ce ke fara ji. Tun muna sababbin aure muke tare, ni Yae da bakina, ita da shirunta. Yanzu ta haura saba'in, ni kuma ina biye da ita, ko da yake ba na son a tsaya lissafi.

'Yar masunta ce daga bakin teku. Lokacin da ta auri Masaji-san, ɗan gidan Osanai, ta zo nan gindin Dutsen Iwaki, tsani ma tsoro yake ba ta, tana hawa tana runtse ido. Ni na riƙa yi mata dariya ina cewa kifi ya hau bishiya. Ba ta taɓa ramawa ba. Ta dai koyi aikin a hankali, har ya zama idan ana rage 'ya'yan tuffa a bar masu kyau su girma, hannunta ya fi na kowa sanin wanda za a tsinke. Ta haifi ɗa ɗaya, Yutaka, yana aiki can Sendai, yana zuwa lokacin hutu da motarsa mai tsabta ya ɗebi tuffa ya koma. Ta yi jinyar surukarta har ta rufe mata ido. Ba ta tuƙa mota, ba ta tuƙa komai. Aikinta a wajen inji shi ne ta tsuguna kusa da mijinta ta riƙe masa tocila, ya ce sifana ta miƙa, ya ce tsumma ta miƙa. Haka suka yi tun gashinsu na baƙi.

Shi kuwa Masaji-san joppari ne na gaske. Mu nan idan aka kira mutum joppari, rabi zagi ne rabi yabo, irin mai taurin kan da ko rami ya faɗa zai ce maka dama can ya nufa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne bakanike bai taɓa taka ƙofar rumfarsa ba. Injin feshi, famfon ruwa, tsohuwar motar ɗaukar kaya, duk shi ke gyara abinsa, ya gyara na maƙwabta ma, yana gyarawa yana faɗa. Amma cikin kayansa duka wanda ya fi so shi ne injin yankan ciyawa mai kujera, wani ja mai faɗi da ke tafiya dab da ƙasa don ya shige ƙarƙashin rassa. Ni na sa masa suna kunkuru. Idan ya hau ya karkata hula, sai ka rantse wani babban direba ne, alhali a ƙafa ma zan wuce shi.

Bana, ciyawa na cikin tashenta bayan ruwan farkon zafi, kunkuru ya ƙi tashi.

Ina kan tsani a gonata na hango Masaji-san zaune a kujerar injin cikin rumfa. Ya taka birki, ya murɗa makulli, shiru. Ya sake, shiru. Ko ɗan ƙas ɗin nan da inji ke yi idan batir ya yi sanyi bai yi ba. Na ɗaga murya na tambaye shi ko kunkurun ya shige ƙoƙonsa ne. Bai ko waiwayo ba. Ya ce batir ne, kafin shayin hantsi zai tashi.

Bai tashi ba. Ya kankare kan batir har ya yi ƙyalli, ya sa shi caji, ya mayar. Ya ciro batirin motarsa ya haɗa. Ya zare fis ya ɗaga shi sama yana leƙawa, ya ga lafiyarsa lau, duk da haka ya sa sabo. Ya duba sandar wuƙa ko ba ta koma wurinta ba, don injin ba ya yarda ya tashi in wuƙa na a ɗaure ko ba a taka birki ba. Ya ƙwanƙwasa sitata da gindin sifana, kamar mai tada ɗan haya. Daga baya ya kwance sitatar gaba ɗaya ya jona ta da batir a kan benci, ta juya fir. Duk wannan Kinue-san na tsugune a gefensa da tocila, kanta a ƙasa.

Ni kuwa na samu abin yi. Duk safiya sai na bi ta ƙofar rumfar na gaishe da mara lafiya. Wata rana na kai masa furen da na tsinko a bakin kwatami na ce na jinya ne. Wata rana na ce ko a kira limamin haikali ya yi wa kunkuru karatu.

"Masaji-san, anya injin ne ya yi tsatsa? Ko a buɗe murfin mai injin a duba?"

"Yae-san, je ki ji da gonarki."

"Gonata a share take. Taka ce na ga dila ya shiga bai fito ba."

Da can idan na yi masa irin wannan, yakan rama ya ce bakina ya fi injin feshi ɓarna. Wannan karon sai ya ci gaba da bin waya da yatsa. Na lura Kinue-san ta ɗago ta dube ni, wani kallo da ban gane ba a lokacin. Na ɗauka kunya take ji.

Na ce zan ara musu nawa injin, ya ce bai roƙa ba. Na ce a kira bakanike daga gari, ya dube ni kamar na ce a kira masa mai wanka. Ciyawa kuwa ba ta jira. Ta kai gwiwa, ta wuce. A wurinmu ciyawar gonarka ba taka ce kai kaɗai ba, don cikinta ɓerayen gona ke ɓuya su ci saiwa, daga cikinta ƙwari ke tsallakawa gonar maƙwabci. Sasamori-san, shugaban ƙungiyarmu ta feshi, ya biyo wata rana ya tsaya a bakin hanya, ya cire hula, ya yaba yanayi, sannan ya ce ciyawar Osanai-san ta yi kyau bana ƙwarai. Ya mayar da hularsa ya tafi. Duk wanda ya tashi a nan ya san da a ce ya zage shi ne da ya fi sauƙi.

Tun daga ranar sai na riƙa ganin Kinue-san da lauje tun da sanyin safiya, a durƙushe tana yanka da hannu a gindin bishiyoyi. Gonar da inji ke wuni a ciki, ita da laujenta da ciwon gwiwa. Sannan ga wani abu: ƙamshin gasasshen kifin nan mai ƙwai da Masaji-san ke so, wanda sai ranar biki take sayowa, kullum sai na ji shi daga kicin ɗinta. Na ce a raina, matar da ke gasa wa miji wannan kifin ba dalili, akwai dalili.

Muna da al'adar taya juna rage 'ya'ya, yau gonata gobe tata. Ranar muna gonata, kowacce a kan tsaninta, bishiya ɗaya, ganye ya raba fuskokinmu. Na fara tsokanarta kan kifin, na ce ko ta fasa masa kofin shayinsa ne ta ɓoye. Can ta ce, ba tare da ta daina tsinka ba:

"Yae-san, ni na kashe injin."

Na kusa sakin tsani.

A hankali ta ba ni labarin, tana yi tana tsayawa. Tun farkon bazara, ta kai masa shayi gona ta tarar da kunkuru ya dafe jikin bishiya, injin na ta kuka, shi kuma ya kifa kai a kan sitiyari, wani reshe ya rage kaɗan ya taɓa wuyansa. Ta girgiza shi ya farfaɗo, ya ce jiri ne ya ɗan ɗebe shi, ba komai. Nan take ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya wa Yutaka ba, ba za ta gaya wa likita ba, don ya san suna ji za su ƙwace masa makullai. Ta yi alkawarin. Ita kuwa ba ta manta da mutumin ƙauyen ƙetaren kogi ba, wanda bara reshe ya matse shi a kan irin wannan injin, sai da yamma aka gan shi. Duk ranar da Masaji-san ya hau, ba ta iya haɗiye abinci.

To akwai wata 'yar waya a ƙarƙashin abin taka birki, mai ɗan soket, ita ke gaya wa injin an taka. Shekarun baya ta taɓa kwancewa da kanta, kuma Kinue-san ce ta haska masa har ya gano. Shi ya manta ta ga wurin, ita ba ta manta ba. Ta shiga rumfa yana wajen taron ƙungiya, ta ja soket ɗin kaɗan, ba ta cire shi duka ba. In ka laluba da hannu za ka ji a haɗe yake. Wurin kuma sai an kwanta a ƙasa ake gani, bayansa ba ya yarda ya kwanta, ita ce ke leƙa masa. Ya ma tambaye ta ko wayar birki na nan daidai, ta haska, ta ce tana nan.

Lissafinta shi ne zai gwada ya gaji, ya bar wa Yutaka ya zo ya yanka da ɗan injin goyo, ko ya ba wani aikin. Na ce mata, ke da kika kwana da joppari shekara da shekaru, yaushe kika taɓa ganin ya gaji? Ta ce ta sani, tsoro ne ya hana ta tunani.

"Da ni ce, ai da tuni na buga wa Yutaka waya, alkawarin ya je ya huta."

"Ke ce ai," ta ce.

Sai ta gaya mini abin da ya fi damunta. Kwanakin baya ya kwance duk gaban injin yana bin wayoyi, ya mayar, sai noti ɗaya ya rage a kan tsumma. Ya zauna yana juya shi a tafin hannu, ya rasa inda ya fito. Tun daga nan ya daina zagin injin. Ya fara tambayarta ko ya sha maganinsa, ko ya rufe famfo, ko jiya ya faɗi wata magana sau biyu. Ubansa da ruɗewar tsufa ya ƙare, har ya daina gane gidansa, kuma Masaji-san ne ya riƙa bin sa cikin gonaki yana dawo da shi. Yanzu ya sa a ransa abin ne ya zo kansa.

Ina kan tsanin nan na tuna maganar da na yi masa ta buɗe murfin mai injin. Na ce mata ta je ta mayar da wayar a ɓoye mana, ya tashi da safe ya murɗa ya ji ya kama, ya ce shi ya gyara. Ta ce ta shiga rumfar da niyyar haka ba sau ɗaya ba. Amma tana mayarwa zai hau, in ya hau kuma wani abu ya faru, da hannunta ta kunna masa. In ta bari kuwa, tana kallo yana binne kansa da rai. Ta ce ko wanne ta ɗauka, ita ce.

Muka ci gaba da tsinka. Na lura tana tsinke masu kyau tana barin marasa kyau, a gonata kuwa, amma na bar ta.

Daga ranar bakina ya mutu a ƙofar rumfar. Ina wucewa in gaishe da Masaji-san kamar mutuniyar kirki. Wannan ma ya zama laifi, don ya ɗauka tausayinsa nake ji, wato har maƙwabta sun gani. Ya tare ni ya ce in ina da magana in faɗa, ya fi son iskancina da wannan ladabin. Na yi 'yar dariya na wuce.

Ana haka wata safiya na hango shi a gona da ƙullin jan ƙyalle, yana bi yana ɗaura wa bishiyoyi. Ya fara da tsofaffin da ubansa ya dasa, masu manyan rassa a kwance. Na tsallaka kwatami na tambaye shi ko ado yake musu. Ya ce ya yi magana da mai zarto, bayan an tsinke na bana za a sare. Gara ya sare da hankalinsa da a wayi gari gonar ta zama daji, ƙungiya ta zo tana yi wa matarsa magana mai daɗi. Ya ce in surukina na son kunkuru don kayan gyara ya zo ya ɗauka. A natse ya faɗa, ba fushi, abin da ban saba ji daga bakinsa ba.

Kinue-san na can gefe da laujenta, ta ji duka. Ta miƙe da ƙyar, ta kakkaɓe gwiwa. Tana kiransa Tocca, yadda matan nan ke kiran baban 'ya'yansu, shi kuma ya ce mata Kacca.

"Tocca, zo ka sake gwadawa sau ɗaya."

Ya ce ya gama da wannan. Ta sake faɗa, ya ci gaba da ɗaura ƙyalle. Ta dube ni. Ban taɓa jin tsokana ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba, amma na san da abin da ake tuƙa shi. Na ce ashe dai kunkuru ya ka da joppari, zan ba da labari a wurin taron mata, a ce inji ya fi Osanai taurin kai. Ya tsaya. Ya ajiye ƙullin ƙyallen a gindin bishiya, ya nufi rumfa yana cewa zai murɗa ne kawai don in rufe baki.

Ya hau, ya taka birki. Kafin ya kai hannu ga makulli, Kinue-san ta durƙusa, ta kwanta a gefenta a kan simintin nan, ta zura hannu ƙarƙashin ƙafarsa. Ba tocila, ba lalube. Muka ji ɗan ƙas. Ta janye hannunta, ta zauna a kan dugaduganta, ta ɗora hannaye a cinya kamar mai jiran baƙo.

Ya murɗa. Injin ya yi tari ya kama, hayaƙi ya cika rumfar.

Ya bar shi yana kuka, yana kallon sitiyari. Sannan ya dubi ƙasa inda hannunta ya shiga, ya dube ta. Ya kashe. Ni dai da akwai ramin ɓera kusa da na shige.

"Tun yaushe, Kacca?"

"Tun farko."

"Da na ce ki duba?"

"Na duba. Na yi maka ƙarya." Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa siminti. "Kanka lafiya lau, Tocca. Duk abin da ka kwance daidai ka mayar. Notin na murfi ne kawai, ba ya hana komai."

Na ga ya saki wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Na ɗauka zai yi faɗa, har na shirya shiga tsakani. Bai yi ba. Ya juyo ya tambaye ni ko ni ma na sani. Na ce daga baya ne. Ya gyaɗa kai, kamar ya ƙara ni cikin wani lissafi. Ya gyara hularsa, ya sake murɗa makulli, ya ja kunkuru ya fita ta gabanmu ya shiga ciyawa.

Kinue-san ta tashi ta bi shi. Ta ɗauki sandar da ake tokare rassa, ta sha gabansa, duk inda reshe ya yi ƙasa ta ɗaga ya wuce. Bai ce ta matsa ba, bai ce sannu ba. Haka suka wuni. Da yamma ya bi ya kwance jajayen ƙyallayen, ya aika wa mai zarto ya ce an fasa.

Gonar na nan, a share, Sasamori-san ya daina yabon ciyawa. Masaji-san ya daina tambayar ko ya rufe famfo. Ya koma zagin injuna, ya koma cewa bakina ya fi feshi ɓarna, sai dai ni ce har yanzu tsokanar ba ta fita sosai. Tsakaninsa da matarsa kuwa, ta ce yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, maganar dai bai sake tayarwa ba, kuma ba ta san ko ya yafe ba ko ajiyewa ya yi. Likita bai je ba. Yutaka bai sani ba, don ta ce ta riga ta ci amanar mijinta sau ɗaya, ba za ta ƙara da karya alkawari ba. Na ce to ni ban yi wa kowa alkawari ba. Ta roƙe ni in bari tukuna. Ina da lambar yaron a wayata, ban buga ba, ban kuma goge ba, kuma ba na jin daɗin ko ɗaya.

Shekaranjiya ta kira ni rumfa yana barcin rana, ta ce in leƙa ƙarƙashin birki. Na kwanta da ƙyar na leƙa. An naɗe soket ɗin da baƙin tef, naɗi kan naɗi, har ya yi ƙulli kamar dunƙulen hannun jariri. Ko da wuƙa sai ka sha wuya.

Na ce lallai mutumin nan, wato a ɓoye ya zo ya ɗaure abinsa don kada a sake.

"Ba a ɓoye ba," ta ce. "A gabana ya naɗa, da lalube. Ni na riƙe masa almakashi."